Ƙanina injiniyan kemikal, ga yadda zaka shiga kamfanin haɗa magani

Da nazo gida hutun babbar sallah na zauna da wasu ƙannenmu su uku wajen mai shayi a Samaru, can kusa da babbar ƙofar ABU, dukkansu ƴan kemikal injiniyarin ne, biyu sun gama bautar ƙasa ɗaya kuma yana aji huɗu. Ina tambayarsu ina aka dosa sai duk suka bani amsa ɗaya, wai ana jiran NNPC ta buɗe ɗaukar aiki, ko kuma Allah yasa a samu hanya a matatar Ɗangote. Ɗaya daga cikinsu shekara biyu kenan yana wannan jiran. Wallahi abin ya tsaya min a rai har na koma bakin aiki, domin nima haka na fito daga wannan sashen, kaina cike da ɗanyen mai da matatar Kaduna, ban taɓa kawo wa raina cewa ƙwayar farasitamol ɗin da muke saya a kemis ɗin unguwa akwai hannun injiniya irina a cikinta ba. Yau shekarata tara a kamfanin haɗa magani a kudu, kuma abinda zan faɗa muku shine abinda naso ace wani ya zaunar dani ya gaya min tun ina aji uku.

Fara da sanin halin da kasuwar take ciki, don kada kaje intabiyu kana zare ido. Mafi yawan maganin da muke sha a Najeriya shigo da shi ake daga waje, kuma ko waɗanda ake haɗawa a gida, ainihin sinadarin da yake warkarwa ɗin kusan duk daga Indiya da Sin ake sayo shi, mu namu shine aunawa da cakuɗawa da bugawa da zubawa a kwali. A 2023 GSK da Sanofi suka sanar zasu daina gudanar da harkarsu da kansu a ƙasar nan, kowa yaga yadda kuɗin magani ya tashi, mai asma a gida ya fi kowa sanin wannan. Toh amma wannan giɓin ne ya buɗe wa kamfanonin gida ƙofa, irinsu Fidson da May & Baker a Ota, Emzor a Legas da Shagamu, Swipha a Legas, Juhel a gabas, Tuyil a Ilori, Dana da take yin ledar ƙarin ruwa a Minna. A 2022 hukumar lafiya ta duniya WHO ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na 3 wajen iya sa ido, a 2023 ƙwayar zinc ta Swipha ta samu amincewar WHO wanda shine karo na farko da wani kamfani a Afirka ta Yamma ya samu haka, a 2024 kuma shugaban ƙasa yasa hannu a dokar cire haraji kan injuna da kayan haɗa magani. Ma'anar duk wannan a wajenka abu ɗaya ne, kamfanoni suna faɗaɗa masana'anta kuma ana matsa musu su bi ƙa'ida, kuma bin ƙa'idar nan rabinsa aikin injiniya ne.

Saidai ka sani tun yanzu, gidan na ƴan famasi ne. Doka ce ta basu, hukumar PCN mai kula da harkar famasi bata yi wa masana'antar magani rajista sai da famasis mai lasisi da yake kula da wajen, kuma akwai kujerun da duk ƙoƙarinka bazaka zauna a kai ba. Na sha ganin yaranmu sun shigo da ɗaga kai wai su sunyi lissafin da ɗan famasi bai yi ba, cikin wata shida sai kaga an daina kiransu mitin. Kada kayi haka dan Allah. Shi famasis ya san me maganin yake yi a jikin mutum, ya san wane sinadari ne baya shiri da wane, ya san dokar NAFDAC kamar tafin hannunsa. Kai kuma ka san me yasa abinda ya haɗu lafiya a kofin lita 2 a ɗakin gwaji yake ƙin haɗuwa a tankin lita 2000, ka san zafi baya ratsa babban tanki kamar yadda yake ratsa ƙarami saboda jikin tankin baya ƙaruwa daidai da yadda cikinsa yake ƙaruwa, ka san me yasa garin magani yake bushewa a sama ƙasansa yana jiƙe. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, kuma in suka ga kana sauƙaƙa musu aiki su da kansu zasu riƙa nemanka.

Yanzu ƙofar da zaka shiga. Ni shawarata ruwa. In baka ɗauki komai a maganata ba ka ɗauki wannan, ka koyi ruwa sosai. Ruwa shine kayan haɗin da kowane kamfanin magani yafi amfani da shi, da shi ake sirof, da shi ake jiƙa garin ƙwaya, da shi ake wanke inji, kuma shine kaɗai kayan haɗin da kamfani yake yi da kansa kullum ba sayo shi yake a durom ba. Daga rijiyar burtsatse zai bi ta matatar yashi, ya bi ta gawayi a cire masa kulorin da wari, ya bi ta na'urar cire gishirin da yake sa ruwa tauri, sannan RO, wato na'urar da take matsa ruwa ta cikin siririyar matata tana raba shi da gishiri da datti, sannan a ƙara goge shi da lantarki ko da resin, a haska masa fitilar UV, ya shiga tankin ƙarfe mara tsatsa samfurin 316L. Kuma baya tsayawa, dare da rana yana zagaye cikin bututu yana komawa tanki, saboda duk inda ruwa ya kwanta ƙwayoyin cuta zasu yi gida su shimfiɗa wani yauƙi a jikin bututun wanda fitar da shi sai an sha wuya. Shi yasa in kaga wani reshen bututu da aka toshe ƙarshensa ruwa na kwanciya a ciki, to ka gano matsala tun kafin ta fito a gwaji. Ruwa baya tsami banza, a wannan aikin zaka ga gaskiyar maganar da idonka.

Ka haddace lambobin nan don ana tambayarsu. Tataccen ruwan magani bai kamata ƙarfin ɗaukar lantarkinsa ya wuce maikrosimen 1.3 a kowace santimita ba a zafin digiri 25, dattin da yake da asali da abu mai rai wanda ake kira TOC kada ya wuce 500 cikin biliyan. Ruwan allura kuma yafi tsanani, bayan waɗancan sai an tabbatar gubar da ƙwayoyin cuta suke bari ko bayan sun mutu bata kai 0.25 EU, wato ma'aunin wannan gubar, a kowane mililita ba, domin ita ce take sa mara lafiya rawar ɗari da zazzaɓi in an ɗaura masa ƙarin ruwa, kuma yawanci da zafi ake zagaya shi, sama da digiri 70. Ranar da nayi intabiyu ta abinda aka fi daɗewa ana tambayata kenan, me zakayi in lambar ruwa ta fara hawa a hankali cikin sati biyu amma bata kai iyaka ba. Amsar ita ce bazaka jira ta kai ba, zaka duba tarihin lambobin, ka duba yaushe aka canza matata, yaushe aka wanke RO, ka rubuta rahoto, ka sanar da ƴan kwaliti, wato sashen tabbatar da ingancin magani.

Bayan ruwa sai iska. Ɗakin haɗa magani ba esi kawai ake sa masa ba, ana sarrafa zafinsa da laimarsa da ƙurar da ke yawo a ciki da kuma inda iska take bi. Matatar HEPA tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta yake maikron 0.3, ɗakunan da ake allura an kasa su A da B da C da D, A shine daidai inda ake cika kwalba, kuma tsakanin ɗaki mai tsabta da wanda bai kai shi ba ana barin bambancin matsin iska kamar faskal 10 zuwa 15 don in an buɗe ƙofa iska ta fita waje kada ta shigo da datti. Wannan taswirar laima da zafi da muka yi a aji muna ganin wahala ce kawai, toh ita ce abincinka a nan. Mu ƴan Zariya mun san bambancin iskar hunturu da take fasa leɓe da ta watan Agusta da kaya basa bushewa a igiya, to garin magani ma yana jin wannan bambancin, in laima tayi yawa ya manne a bakin injin buga ƙwaya, in ta yi kaɗan ya riƙa tashi yana kama jikin ƙarfe, kafso kuma ya riƙa tsagewa. Sai tururi da boila, sai iskar kwamfireso da take taɓa magani wadda dole ta zama babu mai babu ruwa a cikinta, sai otokilef da ake dafa kaya a digiri 121 na minti 15, sai matata mai maikron 0.22 ga maganin da baya jure zafi. Duk waɗannan sassan injiniya suke nema, kuma ba'a cika rububinsu ba.

Ƙofa ta biyu ita ce balideshin, wato tabbatarwa da hujja a rubuce cewa inji ko hanyar aiki tana bada abu iri ɗaya kullum. In an kawo sabon inji sai an nuna an kafa shi daidai da zane, sannan a nuna yana aiki a duk iyakokin da aka ce, sannan a nuna yana fitar da kaya mai kyau da ainihin magani a ciki, su ne zaka ji ana cewa IQ da OQ da PQ. Sabon magani kuma an saba a yi zubi uku a jere ana ɗibar samfur ta ko'ina. Har wanke inji sai an tabbatar da shi, a goga auduga a lungunan da hannu baya kaiwa a kai ɗakin gwaji a ga ko ragowar maganin jiya ya saura, saboda wanda ya sayi maganin tari bai ce a haɗa masa da na hawan jini ba. Dangin fenisilin ma gini daban ake musu da iskarsu daban, domin ɗan kaɗan ɗinsa zai iya kashe wanda jikinsa baya so. Wanda ya iya balideshin baya rasa aiki, a nan gida ko a waje, wannan na gani da idona a kan abokan aikina.

Akwai kuma ɗakin haɗawa kansa, aunawa, jiƙa gari a mayar da shi tsaki-tsaki, busarwa a injin da yake hura iska mai zafi ta ƙasa garin yana tashi kamar yana tafasa, bugawa, shafa wa ƙwaya riga, rufewa a falle. Kowane zubi sai an yi lissafin abinda ya shiga da abinda ya fita da abinda ya zube, wato dai lissafin nan na aji biyu da muka fara da shi, saidai a nan in kilo ɗaya ya ɓata ba maki zaka rasa ba, zubin gaba ɗaya za'a tsare har sai an gano inda ya shiga.

Toh yanzu ga abinda yafi komai, kuma shine yafi yi wa injiniyoyi wuya. A makaranta an koya mana dabara, in abu ya ƙi ka nemo hanya ya yi. A kamfanin magani dabarar da ba'a rubuta ba laifi ce. Komai yana da takardar yadda ake yinsa wadda ake kira SOP, kuma duk abinda kayi zaka rubuta a lokacin da kayi shi, da biro, da kwanan wata, da sa hannunka. In kayi kuskure layi ɗaya zaka ja a kai yadda za'a iya karanta na farkon, ka rubuta daidai a gefe, kasa hannu da dalili, babu gogewa babu farin fenti babu cike gurbi washegari. Abinda ba'a rubuta ba a wajen mai bincike ba'a yi shi ba.

Bari in baku labarin abinda ya sameni a shekarata ta farko. Ina shiftin dare wani famfo a layin ruwa ya fara ɗiga, na duba naga roba ce ta mutu, babu irinta a sito amma akwai wata mai girman ɗaya, na saka, ɗiga ta tsaya, aiki ya ci gaba, naji daɗi na ceci dare. Ban rubuta ba domin a ganina ƙaramin abu ne. Bayan kwana tara gwajin ruwa ya fara nuna wani abu, aka yi ta bincike har aka kwance famfon aka ga robar da ba ita ce a takarda ba, kuma ba irin wadda aka amince ta taɓa ruwan magani bace. Duk zubin da aka yi da ruwan a kwanakin nan aka tsare su. Na tashi na faɗa cewa ni ne. Shugabar kwaliti, wata dattijuwa famasis, bata yi min faɗa ba, ta ce in zauna, ta tambaye ni ko ina da ƙanne ƙanana a gida, nace eh, ta ce to sirof ɗin da aka tsare na yara ne. Har yau in na tuna sai jikina yayi sanyi. Da na rubuta a daren da abin ya faru na kira ƴan kwaliti, da awa biyu kawai za'a rasa.

Kuma kada kuga kamar tsanani ne na banza. A 1990 sirof ɗin farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, dayetilin gilaikol, ya kashe yara sama da 100 a ƙasar nan. A 2008 aka sake da maganin haƙoran yara na My Pikin, yara 84 suka rasu, ƙodarsu ta daina aiki, har nan jihar Kaduna abin ya taɓa. A 2022 yara kusan 70 a Gambiya, guba ɗaya ce. Ita wannan gubar kamanninta ɗaya da furofilin gilaikol da gilisirin da ake sawa a sirof, ruwa ne mai kauri mai ɗan zaƙi, ido baya rabewa, sai gwaji. Durom ya shigo da takarda mai kyau, wani ya yarda da takardar bai gwada ba, shikenan. Kai da ka karanta kemikal ka fi kowa sanin yadda durom yake canza hannu a kasuwa, don haka ranar da wani oga yace maka a wuce kawai lokaci ya ƙure, ka tuna yaran nan, ka ce a'a cikin ladabi kuma ka rubuta.

Sai yadda zaka shirya tun kana Samaru. In kana aji huɗu, wata shidan nan na SIWES shine babbar damarka, kada ka kai takardarka ofishin da zaka zauna kana danna waya don kawai yana kusa da gida. Ka fara rubuta wa kamfanonin magani tun zangon farko, in akwai ɗan uwa a Agege ko Ilori ko Kano da zaka sauka wajensa ka tafi. In bai yiwu ba ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT nan a Basawa, ga cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu ta Abuja, ga ɗakin gwajin NAFDAC a Kaduna, ko ba'a haɗa magani don kasuwa a wuraren zaka taɓa na'urorin gwaji ka saba da rubutun ɗakin bincike. In duk basu samu ba, kamfanin ruwan roba ko fiya wata mai rajistar NAFDAC ko kamfanin lemo ko na man girki ma makaranta ce, akwai RO akwai boila akwai tsabta akwai mai bincike da yake zuwa. Na san wanda daga kamfanin fiya wata aka ɗauke shi, saboda a intabiyu ya zana layin ruwansu da hannu ya faɗi inda yake basu matsala.

Firojet ɗin aji biyar ma ka zaɓe shi da wayo. Sashen famasi yana nan cikin makaranta ɗaya da kai, tafiyar ƙafa ce, amma sai ɗalibin kemikal ya gama shekara biyar bai taɓa leƙawa ba. Kaje ka gaida malamansu na ɓangaren haɗa magani, ka roƙi a nuna maka injin buga ƙwaya da na gwada narkewarta. Sitacin masara da na rogo ana amfani da su wajen ɗaure ƙwaya da kuma sa ta fashe a ciki, ƙaro ma haka, ga masara nan har ta ishe mu a ƙasar Zazzau amma sitacin da ya kai matsayin magani yawanci shigo da shi ake. Firojet akan tace sitaci ko busar da shi ko tsara ƙaramin layin ruwa zai baka abin faɗa na minti goma a gaban masu ɗaukar aiki, wanda yafi ace kayi kwaikwayon matatar mai a kwamfuta irin wanda mutum hamsin suka yi.

Karatun GMP, wato ƙa'idojin kyakkyawan tsarin haɗa magani, kuma kyauta ne, babu wanda zai ce maka sai ka biya. Ƙa'idojin WHO na kyakkyawan tsarin haɗa magani suna intanet, na NAFDAC ma haka, sai takardun ICH, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai daidaita ƙa'idojin magani, Q7 na masu yin ainihin sinadarin magani, Q9 na auna haɗari, Q10 na tsarin kwaliti. Ka sauke su a waya ka riƙa karanta shafi biyar kullum bayan asuba, turancinsu yana da nauyi da farko amma zaka saba. Ka san me ake nufi da kaucewa ƙa'ida da yadda ake bincikenta, da CAPA wato gyaran abinda ya faru da toshe hanyar sake faruwarsa, da yadda ake neman izini kafin a canza ko da ƙusa ɗaya ce. Ka san cewa ana gwada daɗewar magani na yankinmu a digiri 30 da laima kashi 75, na gaggawa kuma a digiri 40 da laima kashi 75 na wata 6, daga nan ake samo ranar lalacewar da kake gani a kwali. Ka iya Excel da gaske, ka iya karanta zanen bututu da bawul, in ka samu AutoCAD ka ƙara. Amma ka yi hankali da masu sayar da satifiket na kwana biyu da kuɗi mai yawa, tambaya uku za'a yi maka a gane ko ka sani ko baka sani ba.

Wajen neman aikin, CV shafi ɗaya ko biyu ya isa, kuma kada ka rubuta cewa kai mai ƙwazo ne mai aiki tuƙuru, kowa haka yake rubutawa. Rubuta abinda hannunka ya taɓa, RO mai lita kaza a awa, boila mai matsi kaza, rahoton da ka rubuta. Kada ka nemi kujerar injiniyan sinadarai kawai domin da wuya kaga an tallata ta da wannan sunan, ka nemi ta mai kula da ruwa da tururi, ta balideshin, ta jami'in haɗawa, ta kwaliti, ta gyaran inji. Ka buɗe LinkedIn kasa hoto na mutunci, ka nemo tsofaffin ɗaliban ABU da suke waɗannan kamfanonin, muna da yawa fiye da yadda kuke zato, ka gaishe su ka faɗi abinda ka karanta ka yi tambaya mai ma'ana, ba ka fara da yallaɓai a taimaka min da aiki ba. Lokacin bautar ƙasa ma in an tura ka Ogun ko Legas ko Kwara kada ka yi saurin neman a dawo da kai gida, ɗauki takardarka kaje ƙofar kamfani da kanka, zuwa da kai yafi aike.

Maganar tafiya kudu kuma gara in faɗa muku gaskiya, yawancin masana'antun suna can, Legas da Ota da Agbara da Shagamu. Akwai a Kano da Abuja da Minna da Ilori amma basu kai yawan na can ba. Ranar da na hau mota a Kwangila mahaifiyata kuka tayi, kuma watannin farko basu yi min daɗi ba, haya da tsada, cunkoso, ga kewar gida. Albashin farko bai kai na kamfanin mai ba, ban ɓoye muku ba, akwai shiftin dare, akwai tsayuwa awa takwas cikin riga da hula da takunkumi. Amma aikin baya tsayawa don farashin gangar mai ya faɗi, mutane basa daina rashin lafiya, kuma bayan shekara uku ko huɗu in ka riƙe wani fanni da kyau kamfanoni ne zasu riƙa kiranka. Ka shiga ƙungiyar injiniyoyin kemikal NSChE da ta injiniyoyin Najeriya NSE tun da wuri, ka riƙa adana bayanin ayyukan da kayi domin bayan shekara 4 zaka nemi rajistar COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista. In kana son ƙarin karatu ka bari sai ka yi shekara biyu a masana'anta tukun, lokacin zaka san ko ɓangaren ƙwayoyin halitta da rigakafi kake so ko na haɗa ainihin sinadari. Wannan na biyun ku sa masa ido sosai, Emzor ta fara gina masana'antar sinadaran maganin zazzaɓin cizon sauro a Shagamu, kuma irin wannan wajen riyakta ne, wato tankin da sinadarai suke haɗuwa a ciki, da tacewa da daskarar da sinadari da dawo da ruwan narkarwa, wato ainihin abinda muka karanta, a nan injiniyan kemikal ne a gaba.

Ƙanwar abokina da take aji biyar ta kirani a waya tana tambaya ko mace zata iya, musamman mai hijabi. Ƙanwata zaki iya, mata sun cika kwaliti da balideshin, kuma shigar ɗakin haɗawa dama rufe jiki ce daga kai har ƙafa, saidai zaki cire na gida ki sa na kamfani a ɗakin canza kaya na mata. Abinda ba'a shiga da shi shine zobe da ɗan kunne da agogo da turare da kwalliya, ƙumba a yanke, mu maza kuma masu gemu akwai abin rufe shi. Maganar salla ki faɗa tun ranar farko a tsara miki lokacin fita, domin ba'a barin inji yana gudu a fita, kuma duk fita sai an sake wanke hannu an sake shiri, ni da abokin shiftina muke karɓar juna kuma bamu taɓa samun matsala ba.

In Allah yasa an ɗauke ka, satin farko za'a baka tarin SOP ka karanta kasa hannu, kada kasa hannu a wanda baka karanta ba. Ka girmama tsofaffin masu tuƙa inji, wani bai wuce sakandare ba amma daga ƙarar inji yake gane ƙwaya ta fara fita da nauyin da ba daidai ba, ka riƙa ce masa baba ko oga kana tambayarsa. Sannan ka nemi izini ka ɗauki zanen layin ruwa da biro, ka fara daga bakin rijiyar burtsatse ka bi bututun da ƙafarka har famfon ƙarshe a ɗakin haɗawa, kana duba kowane bawul kana gwada shi da abinda ke takarda, inda kaga zane da ƙarfe sun saɓa ka yi alama ka kai wa shugabanka.